Fijo 504 ta marigayi Baba: in sa mata injin Toyota ko in bar ta da nata?

Ɗan_Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah waɗanda suka san harkar tsofaffin motoci ku matso ina neman shawara. Akwai Fijo 504 ta marigayi babanmu, salun ce GL ta 1978, mai fetur, giya huɗu a ƙasa, tana fake a bayan gidanmu nan Aboabo a Kumasi tun kafin rasuwarshi, yanzu har tayoyin sun nutse a ƙasa kaji kuma sun mai da kujerar baya wurin ƙwai. Masu kondem, wato masu sayen tsofaffin ƙarafa, kullum sai sun leƙo wai ko za a sayar, har wani ya zo da aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, yana cewa a bari ya yanka ta ya kwashe a rage mana datti, ni kuwa wallahi raina bai so, da motar nan Baba ya riƙa bin abokan cinikinshi na goro har Techiman da Tamale da Bawku, kuma a cikinta aka kai Mma asibiti ranar da za a haife ni.

Ba don haya nake so ba, ina da ƴar Corolla da nake zuwa aiki da ita, wannan sha'awa ce kawai, in riƙa taɓa ta Asabar da Lahadi a hankali daidai ƙarfin aljihuna, in Allah ya sa ta tashi in fita da ita ranar sallah ko in kai yara tafkin Bosomtwe. To matsalar ita ce a wurin shan atayarmu an rabu gida biyu. Wasu sun ce in cire tsohon injin in jefar in sa na Toyota ko Nissan da giyar otomatik, a sa esi, a sa manyan rim da talabijin a dashbod, wasu kuma sun ce in na yi haka na kashe motar. Wani abokina ma cewa yake mu kawo batir gobe mu buga mu ji ko za ta tashi. Ni ba fita ba ne, wato makaniki, canza filogi da baƙin mai kawai na iya. Daga ina zan fara? Kuma kayanta ana samu har yanzu ko wahala zan saya da kuɗina?

Tsohon_Fita_Magazine:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan Alhaji ya sa ya huta. Ni a Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, na yi furfura kuma a kan Fijo na koyi aiki tun karaban, wato Fijo wagon, na jigilar mutane daga Kumasi zuwa arewa, saboda haka ka ba ni kunnenka.

Wannan abokin naka mai batir ka ce ya yi haƙuri. Motar da ta daɗe a kwance fetur ɗin tankinta ya zama danƙo, ringi sun manne, babu ɗigon mai a kan metal, kana bugawa za ka kankare cikin injin a banza. A cire filogi huɗun a zuba baƙin mai kaɗan a kowane rami a bar shi ya jiƙa ya kwana biyu, sannan a sa sifana a kan fulin karanshaf a juya da hannu a hankali, in ya zagaya ba tare da ya cije ba ka gode wa Allah ka rufe bonet ka manta da injin tukuna, don ba shi ne abin tsoro ba.

Abin tsoro bodi ne. 504 salun ba ta da shasi daban irin na lori ko Land Rover, jikin nan da kake gani shi ke ɗauke da komai, in ya ruɓe ko sabon inji fil ka sa ba ka da mota. Ka ɗauki sukudireba ka ɗaga kafet ka soka a ƙasan ƙafar direba da na fasinja, ka soka dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da wurin da ake kafa jak, da ƙasan but, da inda kan shokozoba na gaba ya zauna a cikin bonet, sannan ka kwanta a ƙasa da tocila ka duba inda ƙafafun baya suka kama jiki. Kar ka ji tausayinta, ka soka da ƙarfi. Kuma GL da yawa suna da rufin nan da ake zugewa, yana da ƴan bututu da ke zubar da ruwa, in ganye ya toshe su to duk ruwan Kumasi na shekarun nan a cikin motar ya sauka. Ramin ƙasa ba komai ba ne, a yanke a sa sabon ƙarfe. Amma in kan shokozoba da mariƙin ƙafafun baya sun zama garin tsatsa to nan ne za ka zauna ka yi lissafi da kyau, wani lokaci gara ka nemo wani jikin ka juye kayan Alhaji a kai.

Mai walda kuma ka tsaya a kanshi, yaran yanzu da yawa ba sa son yanka tsatsa, sai su ɗora faci a kai su shafe da fila mai kauri su yi fenti tana ƙyalli, damina ɗaya ka ga ta kumbura tana tsagewa. Ka riƙa yawo da ɗan maganaɗisu a aljihu, duk inda ka manna ya faɗi to fila ce ba ƙarfe ba.

Yanzu maganar Toyota. Waɗanda suke ce maka a cire a sa, ka tambaye su ko sun taɓa leƙa ƙarƙashin 504. Farfelarta a cikin bututu take, bututun a ɗaure yake da bayan giyabos ta gaba, ta baya kuma a ɗaure da difaransha, wato inji da giyabos da bututu da difaransha duk a haɗe suke a layi ɗaya, kana cire guda ka rusa tsarin, sai yanka da walda da ƙirƙirar mariƙi, kuma injin ɗin a kishingiɗe aka zaunar da shi gefe guda shi ya sa bonet ɗin ya yi ƙasa haka. Na Corolla ma a gicciye yake yana jan tayun gaba, bai shafi wannan ba sam. Ana yi, na ga an yi, amma ban taɓa ganin wadda aka yi wa ta daina rawa da kuka a kan titi ba. Alhali injinta XN1 ne mai 1971cc, sarƙa ce ke jan taimin ba bel ba, kuma silif ɗinshi, bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, zare su ake yi. Ba sai an kai bulok an gure ba, ka sayi saitin silif da fistin da ringi a zura, inji ya dawo yaro. Abu ɗaya dai, in an cire tof silinda kar wani yaron gareji ya juya karanshaf sai an danne silif ɗin da zoben ƙarfe da noti, in suka motsa hatimin ƙasansu ya buɗe, gobe ka ga ruwa a cikin baƙin mai ya zama kamar koko.

Yaron_Nima:

Masta ina gaisuwa, duk abin da ka faɗa a kan bodi gaskiya ne ba musu, mu nan Accra ma abin ya fi muni saboda iskar teku, motar da ta zauna Teshie ko Jamestown ko Tema gishiri ya gama da ita tun daga ciki, nawa Benz ɗin W123 ne 240D kuma rabin kuɗin da na kashe a walda ya tafi. Inji ma na yarda a bar mata nata. Amma chale maganar a bar komai yadda Bature ya yi a 1978 ni ban yarda ba, motar da za ka sa yaranka a ciki ka shiga go-slow ɗin Sofoline ko Anloga junction da rana tsaka ba motar gidan tarihi ba ce.

Ni ƙa'idata ita ce duk gyaran da za a iya warwarewa da sifana a mai da na asali to a yi, duk wanda sai an yanka ƙarfe ko an huda dashbod a bari. Misali kwantak set, abin nan da ke ba filogi wuta a kan lokaci, kullum sai an goge an saita, akwai na lantarki da ake sawa a cikin distirbuta ɗin nan ba wanda zai gani, mota ta riƙa tashi bugu ɗaya da safe, tsohon kuma ka ajiye a but ko da ta kwana. Fitilun gaba a sa musu rile don wutar ta daina bi ta cikin tsohon makunni, za ka ga haske ya ƙaru ba tare da ka sa waɗannan fararen fitilun masu makanta mutane ba. Altaneta a sa mai ƙarfi kaɗan. Lagireto a kai a sake mishi ciki mai layi uku a ƙara fanka ta lantarki a gaba. Birki kuwa ba ma batun ado ba ne, duk robobin tiyo da masta silinda da kofuna a canza su sabbi ko da ido ya ga kamar lafiyarsu lau, roba ce ta shekara arba'in da wani abu. Bel ɗin kujera har na baya saboda yara. Esi akwai wanda ake ratayawa a ƙarƙashin dashbod da kwamfuresa na zamani, kiɗa kuma ka ɓoye bulutut a cikin akwatin gaban fasinja ka bar tsohuwar rediyon a wurinta tana ado.

Manyan rim dai ka manta, ramukan tayar 504 huɗu ne a kan faɗin milimita 140, na yawancin motocin yanzu ba sa shiga, sai ka ga an kai an huda wasu ramuka a gefe wai a daidaita, wallahi wannan wasa da rai ne. Kuma daɗin motar nan gaba ɗaya a taya mai kauri da doguwar shokozoba yake, ka sa siririn taya ka faɗa ramin Aboabo sau ɗaya za ka gane. In kana son ta huta a kan doguwar hanya akwai masu ɗauko giyabos mai giya biyar na 505, gida ɗaya ne, amma a auna tsayi tukuna kafin ka biya. Abossey Okai da Kokompe, kasuwannin kayan mota na nan Accra, in kana neman wani abu ka turo hoto zan zagaya maka ranar Asabar.

Tsohon_Fita_Magazine:

Yaron Nima ka yi magana mai hankali, ban ƙi ko ɗaya ba sai dai jeri. Esi shi ne na ƙarshe, sai inji ya yi tafiya an ga zafinshi ya zauna. Kuma kafin a ƙara fanka a fara duba tata, fankar 504 tana da maganaɗisun lantarki da ke kama ta in inji ya yi zafi ya sake ta in ya huce, mu da kanmu muka riƙa ɗaure ta tana juyawa kullum muna cire tamosta muna jefarwa wai ƙasarmu akwai zafi, to a gyara ta a mai da tamosta. Tof ɗin alminiyam ne, ruwan rijiya da na bohol ke cinye shi, a sa ruwan lagireto na kirki mai launi.

Hajiya_Asawase:

Salamu alaikum. Ni ban san kabureta ba ban san difaransha ba, amma ɗana akwai abin da duk mazan nan suka tsallake. An raba gado kuwa? Ka ce motar babanmu, ba ka ce motata ba. Yau da take kwance kaji na ƙwai a ciki ba wanda zai kalle ta, amma ranar da ta fito tana ƙyalli aka fara ɗaukar hoto da ita ranar sallah, ranar ne za ka ji wani yaya ko wata ƙanwa da ke aure a Tamale ta tuna ita ma ubanta ne, kuma gaskiyarta ce, haƙƙinta ne ko noti ɗaya ne. Ka tara su da Mma da malamin da ya raba muku sauran, a yi mata kuɗi yadda take yanzu a kwance, ka biya kowa rabonshi ko su yafe maka da bakinsu a gaban shaidu a rubuta, sannan ka fara kashe sidinka. Takardun kuma ka neme su tun yanzu a akwatin Alhaji, don DVLA, hukumar rajistar motoci, ba za su mai da ita sunanka da baki ba sai da takardar kotu ta magada, kuma in ka canza launi ko inji sai an gyara a takarda, ga rodwodi, takardar lafiyar mota, ga inshora duk suna jiranka.

Na biyu, maigidana Allah ya jiƙanshi ya taɓa kai tsohuwar motarshi wani gareji aka warware ta gaba ɗaya wai za a yi aiki na gani na faɗa, kuɗi ya yanke a tsakiya ta zauna can, duk wanda ya zo da irinta yana neman abu sai a zare a tamu a sa mishi, ran da muka je da niyyar ɗaukowa babu fitilu babu madubi babu hannun ƙofa, kujerun ma yara sun fitar suna kwana a kai, mai garejin yana ta rantsuwa bai san komai ba. To duk abin da aka cire ka ɗauki hoto, ka sa a leda ka rubuta sunanshi, ka kai ɗakinka ka kulle, musamman zakin nan na gaba da fitilu da ƙarafan ado. Kuma ka faɗa wa matarka gaskiyar abin da kake kashewa, kar kuɗin makarantar yara ya koma fenti.

Baƙo_daga_Kaduna:

Ƴan uwa na Ghana ina gaisuwa, ni ɗan Kaduna ne amma harkar fata tana kawo ni Kumasi, bari in amsa maganar kaya. Kar ka ji tsoro malam. Motar nan ta fito a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, can sun daina yin salun ɗin a 1983 amma mu a Kaduna kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a 1975 kuma bai daina 504 ba sai 2006, Ajantina ma sun yi ta har 1999, ka ga kuwa kayan inji da birki da kuloci da bushin ba za su ɓace yanzu ba. Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, Ladipo a Legas, har yau akwai tsofaffin da Fijo kawai suke sayarwa. Kuma ku ma kuna da kusa, Lome da Wagadugu da Abidjan duk a ƙasashen Faransanci suke, Fijo ta yi mulki a can, direbobin dogon zango na zangonku za su iya riƙo maka.

Sa'ar da ka yi, Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972 ku kuma a Agustan 1974, taka ta 1978 ce to sitiyarinta a hagu yake irin namu, kayanmu za su zauna. Na Kenya ne za ka kiyaye in wani ya tallata maka a intanet, su ma sun haɗa 504 amma sitiyarinsu a dama yake, rak ɗin sitiyari da dashbod ba za su yi maka ba. Sannan ka san irin ƙafar bayanka kafin ka aika saye, GL kowace tayar baya da hannunta take motsi, wagon da fikof kuwa aksul guda ne miƙaƙƙe, shokozoba da sifirin da bushin ɗinsu ba ɗaya ba ne, mai shago kuma in ka ce 504 kawai abin da ke kusa da hannunshi zai ba ka. Ka aika da tsohon a matsayin samfur shi ya fi.

Abin da ke wahala ba na inji ba ne, ƙananan abubuwan ado ne, robar gilashin gaba da ta baya mai kyau, gilashin fitilun baya na asali, dashbod da rana ba ta fasa ba, ƙarafan gefe masu ƙyalli. Waɗannan in ka gani ka saya ko ba ka kai wurin ba tukuna. Jabu kuma ya yi yawa, kwali da zaki a jiki ciki kuwa tarkace, gasket ɗin tof da saitin silif kar ka yi arha a kansu. Af, masu ce maka injinta ba shi da ƙarfi ka tuna musu 504 ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, Ove Andersson ne ya tuƙa.

Ɗan_Aboabo:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Masta na bi maganarka na soka ko'ina, ƙasan ƙafar fasinja ya huje har ina hango ƙasa, but ma gefen dama ya tafi, kuma gaskiyarka bututun rufin a toshe suke da ganyen mangwaro, amma kan shokozoba duka biyun sukudireba ya ƙi shiga, baya ma tsatsar sama ce kawai. Na zuba mai a ramukan filogi ina jira, batir kuwa na ce wa mutumina ya riƙe abinshi. Hajiya wallahi kin taɓo inda yake, gida da shago an raba amma motar ba wanda ya ma sa ta a lissafi, na yi wa Mma magana ta ce a kira kowa bayan Juma'a, takardun ma ta ce suna cikin jakar Makkan Baba. Yaya na Kaduna zan neme ka in za ka sake zuwa. Toyota dai na fasa. Saura launi, yanzu wani ruwan toka ne da Baba ya sake mata daga baya, ni kuma ina tuna ta fara ce muna yara, ƙanena yana cewa shuɗiya, ya zan gane na asali?

Tsohon_Fita_Magazine:

Ɗaga robar bakin ƙofa ko ka cire kwalin cikin ƙofar baya ka leƙa, ko ƙarƙashin kujerar baya, mai fenti ba ya kai hannu can, abin da ka gani shi ne na kamfani. Amma kar ka sayi ko gwangwani ɗaya yanzu, a gama walda a shafa jan fenti mai hana tsatsa ciki da waje, a yi inji da birki ta yi yawo a unguwa da jikinta dabbare-dabbare a ga babu inda ke yoyo, fenti sai can ƙarshe kuma ba a cikin ƙurar hunturu a fili ba. In an gama maganar gadon ka samo mai janwe, kar ku ja ta da igiya birkinta ba ya aiki, kuma ku fitar da ƙwan kajin Mma kafin ya iso.